Huseina, Ba a Tabbatar Ba

"Iya, ki ƙara faɗa, wayar ba ta ɗauka ba," in ji baƙuwar, ta matso da wayar daf da bakin tsohuwar.

Zulaiha ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin da kwanon kunu a hannu. Ba ta yi sallama ba, ba ta kuma koma ba. Iya Dije tana kwance a kan katifarta kusa da taga, idanunta rabi a buɗe, numfashinta yana fita da ƙyar. Baƙuwar, wata matashiya mai farin gilashi da ake kira Sadiqa, ta durƙusa a gefenta.

"Ai kina da yaya mai suna Huseina, ko Iya? Wadda aka ba gwaggonku riƙo?"

"E," in ji Iya Dije.

"'Yar Malam Habu ce, ubanku ɗaya, ko?"

"E."

Zulaiha ta yi gyaran murya. "To baiwar Allah, a bar ta ta sha kunu. Tun safe ba abin da ya shiga cikinta."

Katanga ɗaya ce ta raba gidan Zulaiha da na Iya Dije a cikin garin Kibiya, kuma tun Zulaiha tana amarya aka huda ƙofa a jikin katangar. A wurin tsohuwar ta koyi matsar man gyaɗa da toya ƙuliƙuli, sana'ar da take ci da ita har yanzu. Da ciwon ƙirji ya kwantar da Iya Dije bayan damina, 'ya'yanta duk sun riga ta tafiya, jikoki kuma suna Kano da Kaduna, sai ya zama Zulaiha ce mai wanka da wanki da ba ta abinci. Saboda haka ba ta ga dalilin da wata za ta sauko daga babur, daga Zinyau ta ƙasar Rano, ta zauna a kan maras lafiya da waya a hannu ba.

A tsakar gida ta tare baƙuwar. "Wai ni kam, me kike nema a wurin tsohuwar nan?"

Sadiqa ta buɗe wayar ta nuna mata. Wani shafi ne a intanet inda zuri'ar Malam Habu Mai Rini, mahaifin Iya Dije, suke tattara asalinsu. Kowa a dangi yana iya shiga ya ƙara suna, amma da sharaɗi: a ƙarƙashin kowane suna sai an rubuta madogara, wato wanda ya faɗa, inda aka ji shi da lokacin da ya faɗa, ko kuma takardar da aka gani. Nuruddeen, jikan Iya Dije da ke koyarwa a Kano, shi ke riƙe da shafin. Ga sunan Malam Habu a sama, ga 'ya'yansa a jere, kowa da ɗan bayaninsa. Can a gefe ga wani suna an ja masa jan layi.

"Kakata ce, Huseina," in ji Sadiqa. "Ni na saka ta. Ya rubuta a ƙasa wai ba a tabbatar ba, in ban kawo hujja ba zai goge."

"To ya goge mana. Shafi ne ke sa mutum ya zama ɗa?"

Sadiqa ta cire gilashin ta goge shi da gefen mayafi. Ta ce ƙaninta Amiru ne yake neman aure a Rano. Dangin yarinyar sun yi bincike, sun dawo da maganar cewa ba wanda ya san daga inda kakarsu ta fito, har wasu na cewa tsintacciya ce. An dakatar da sa rana. Ita kuwa mahaifiyarsu ta sha gaya musu cewa Huseina 'yar wani marini ce a Kibiya, gwaggonta ta ɗauke ta tana ƙarama ta tafi da ita Jos, daga baya aure ya kawo ta Zinyau.

"Daga Zinyau zuwa nan tafiyar nawa ce?" in ji Zulaiha. "Ta zauna can har ta mutu, ba ta taɓa leƙo gidan ubanta ba?"

"Cewa ta yi sun ba da ita ba su neme ta ba, ita ma ba za ta neme su ba."

Zulaiha ta dube ta daga sama har ƙasa. Labarin ya zauna daidai, kuma daidaituwar tasa ce ba ta kwanta mata ba. Kowa a unguwar ya san Malam Habu ya bar gona a Durba, babba, mai fadama, wadda har yau ba a gama rabonta ba. Iya Dije ce kaɗai ta rage a cikin 'ya'yansa. Sai da aka ji ta kwanta sannan za a tuna da zumunci?

Da baƙuwar ta tafi, Zulaiha ta koma ɗakin ta zauna tana ba tsohuwar kunu da cokali.

"Iya, kina da ƙanwa mai suna Ladi, ko?" Sunan wata mai sayen ƙuliƙulinta ne ya faɗo mata a baki.

"E."

"Wadda ta auri direban jirgin ƙasa?"

"E," in ji Iya Dije, ta buɗe baki tana jiran cokali.

Da yamma Nuruddeen ya kira. Zulaiha ta gaya masa duk yadda aka yi, har da maganar Ladi.

"Na gode, Inna Zulai," in ji shi. "Dama na faɗa. Muryar da aka ɗauka ana saka wa mutum magana a baki ba hujja ba ce. Don Allah kada ki ƙara barin ta ta shiga. Gobe ma zan cire sunan."

"Gobe? Ba ka ce ka ba ta lokaci ba?"

"Inna, kin san halin mutane. In suna ya daɗe a shafi, wani ya kwafa ya kai wani shafin, shi ke nan ya zama gaskiya. Wata rana sai ki ga an kai shi gaban alƙali."

Ta kashe wayar tana juya maganar. Yaron ya yi gaskiya, amma shi ma ai yana da rabo a Durba, kuma saurin nasa ya yi yawa. Ta tuna shekarun baya da ya zo da littafi yana tambayar kakarsa sunayen dangi. Shin ya tambaye ta ko akwai wanda aka fitar daga gidan? Ko kuwa ya ji ya yi shiru? Ta ga ba ta yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Nuruddeen dai bai goge sunan ba tukuna, Sadiqa kuma ta ci gaba da zuwa. Zulaiha ba ta hana ta shiga ba, amma ta ce a bar waya a cikin jaka, kuma duk inda ta zauna ita ma tana nan. Yarinyar ba ta yi musu ba. Ta kan kawo ayaba da lemo, ta yi wa tsohuwar fifita, wata rana ma ta ɗauki zannuwan da suka ɓaci ta wanke a bakin rijiya ba tare da an sa ta ba. Zulaiha ta kalle ta ta taga, ta ce a ranta mai neman gona ma zai iya wanki.

Wata safiya, Zulaiha ita kaɗai tana goge wa Iya Dije jiki da ruwan ɗumi. Ta kamo hannunta na hagu tana bin yatsun ɗaya bayan ɗaya da tsumma. Da ta zo kan ƙaramin, sai tsohuwar ta janye hannun.

"A hankali," in ji ta, da murya garau irin wadda aka daɗe ba a ji ba. "Nan ne Huseina ta yanke nata yatsan."

Zulaiha ta tsaya cak. Ba ta ce komai ba, don kada ta zama ita ma mai saka magana a baki.

"Lauje ne. Muna yankan ciyawa a fadama. Kan yatsan ya faɗi a ƙasa, muka tona rami muka binne shi." Tsohuwar ta yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "Baba ya ce kada a ƙara ambatonta. Shi da Gwaggo ba sa ga maciji."

Daga nan ta lumshe ido. Zulaiha ta ƙarasa goge mata jiki.

Da hantsi Sadiqa ta iso. Tun ba ta ajiye jaka ba Zulaiha ta ja ta zaure.

"Kin taɓa ganin kakar taki?"

"A'a, ta rasu kafin a haife ni."

"Kira min mahaifiyarki yanzun nan. Ki buɗe muryar, kuma kada ki ce uffan."

Sadiqa ta kira. Muryar wata dattijuwa ta fito, ta ce sunanta Zubaida. Bayan gaisuwa Zulaiha ta ce, "Hajiya, mahaifiyarki tana da wata alama a jiki?"

"Alama kamar yaya? Tsagar fuska?"

"Ko ma mece ce."

"Ba ta da tsaga. Sai dai ɗan yatsanta na hagu, ƙaramin, guntu ne. Kullum tana ɓoye shi a cikin zane."

"Me ya same shi?"

"Ƙofar mota ce ta datse shi a Jos. Haka ta gaya mana."

Zulaiha ta miƙa wayar. Ta koma gida ta zauna a gaban kaskon tuya ba ta hura wuta ba. Yatsa ɗaya, hannu ɗaya, amma nan lauje, can ƙofar mota. In da Sadiqa ce ta shirya abin, ta raɗa wa tsohuwar a kunne a zuwanta na farko, ai da ta daidaita labarin. Sai dai in wayonta ya kai ta bar ɗan saɓani da gangan. Ta juya maganar ta kowane gefe, ta kasa samun inda za ta tsaya ta ce ta tabbata. Abu ɗaya ta sani: ba wanda ya tambayi Iya Dije komai a safiyar nan.

Iya Dije ba ta sake yin magana mai ma'ana ba. Ranar Laraba bayan azahar, Zulaiha tana ɗiga mata ruwa a leɓe tana karanta mata kalmar shahada, numfashin ya yi tsawo, ya dawo, ya sake tafiya bai dawo ba. Zulaiha ta shafe mata idanu, ta ɗaure mata haɓa da ɗankwali, ta ja zane ta rufe ta. Sai da ta fito tsakar gida ta ga tukunyar ruwan da ta ɗora don wankan yamma tana tafasa, sannan kuka ya zo mata.

Kafin magariba an kai ta. Washegari Nuruddeen ya shigo gidan Zulaiha yi mata godiya, ta zaunar da shi a kan tabarma ta gaya masa maganar yatsa.

Ya sunkuyar da kai. "Inna, ke da kanki kika ce min tana amsa e ga komai."

"Wannan ba amsa ba ce. Ita ta fara."

"Wa ya ji ban da ke?"

"Ba kowa."

"Kuma yarinyar nan ta yi ta zarya gidan nan, har wanki na ji tana yi." Ya ɗago kai. "Ba wai ina zarginki ba ne, amma mutane za su ce kun haɗa baki."

Zulaiha ta ji maganar har cikin ƙashinta. Irin kallon da take yi wa Sadiqa ne yaron da ta goya yake yi mata yanzu.

"Fito da wayarka," in ji ta. "Ba ka ce sai an rubuta wanda ya faɗa ba? Rubuta sunana, Zulaiha matar Uzairu, maƙwabciyarta. Rubuta cewa a ɗakinta na ji, ni kaɗai, tana cikin ciwon ajali. Ka sa lauje, ka sa ƙofar motar da Hajiya Zubaida ta faɗa. Maganar Ladi ma ka sa, kada ka rage ko ɗaya. Wanda ya karanta ya yi nasa hukuncin."

"Ba zan cire jan layin ba fa."

"Ban ce ka cire ba. Sunan ne ba za ka goge ba."

Ya rubuta, ya karanta mata, ta sa ya gyara wuri ɗaya inda ya ce "ta tabbatar", ya mai da shi "ta ce". Ya tura. Sadiqa ta aika wa dangin yarinyar da Amiru ke nema, suka ce za su duba, za su kuma turo dattijo ya ji daga bakin Zulaiha.

Ranar addu'ar uku, da rana ta ɗan yi sanyi, babur ya sauke Sadiqa da wata tsohuwa siririya mai sandar hannu. Hajiya Zubaida ce. Ta shigo tsakar gida ta tsaya tana duban ɗakuna da rijiya da tsohuwar bishiyar dabino. Mata sun kasu biyu: dangi a kan babbar tabarma a ƙofar ɗakin marigayiyar suna karɓar gaisuwa, masu zuwa ta'aziyya kuma a inuwar katanga. Ba wanda ya ce wa Hajiya Zubaida ga wuri. Jikokin suka kalli juna.

Ta taka a hankali ta zauna a bakin babbar tabarmar, rabin jikinta a kai, ƙafafunta a ƙasa. Ta jingine sandar a cinyarta.

Wata mata daga Tarai ta shigo da ƙwaryar gero a ka. Ta sauke, ta bi masu makoki ɗaya bayan ɗaya tana gaisuwa. Da ta iso ƙarshen tabarmar ta ɗan yi jim, sannan ta rusuna.

"Ya haƙuri, Hajiya?"

"Da godiya," in ji Hajiya Zubaida a hankali, tana kallon labulen ɗakin da iska ke ɗagawa.