Shekarar da Arvil Bumgarner Ya Rufe Motarsa

A garinmu mutum ba ya zaɓen mota, gadonta yake yi. In ubanka Tolliver yake hawa, to kai ma ɗan Tolliver ne har ranar da za a kai ka makwanci. In kuwa gidanku na Renwick ne, tsakaninka da 'yan Tolliver sai gaisuwa a ƙofar coci, ita ma a tsaitsaye. Kamfanonin nan biyu suna can birnin Detroit, ba su ma san da zamanmu a gindin duwatsun Carolina ta Arewa ba, amma bakin da aka fasa a kansu a garin nan ya fi a ƙirga.

Arvil Bumgarner ɗan Tolliver ne tun daga ubansa, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsere wa 'yan sanda da giyar masara a bayan mota. Shi Arvil bai taɓa dakon giya ba, gudun kawai ya gada. Shekara goma sha bakwai yana shiga tsere da motarsa mai lamba hamsin da takwas, ƙanensa Coy yana yi masa aikin bakanike a wata tsohuwar rumfar busar da taba da suka mayar gareji.

A lokacin kamfanoni sun tsunduma cikin tsere gadan-gadan, don sun gane motar da ta zo ta ɗaya ran Lahadi ita ake rububin saye ran Litinin. Kowane kamfani yana da direbobinsa na kwantiragi, masu sabon inji kowane mako da farin kaya kamar likitoci. Arvil ba ya cikinsu. Abin da ke tsakaninsa da Tolliver shi ne, sau biyu a shekara yakan tuƙa a-kori-kurarsa zuwa babban garejinsu na birnin Charlotte, wani Mista Lindqvist mai kula da harkar tsere ya bar shi ya tsinci kayan da suka gama da su a bayan gini. Wata rana Lindqvist ɗin nan ya miƙa masa hannu ya ce, “Ai kai namu ne.” Maganar fatar baki ce, irin wadda ake yi wa kowa. Arvil kuwa ya ɗauke ta ya adana, har a teburin abinci sai ya maimaita ta.

Burinsa a duniya guda ɗaya ne: ya cinye tseren kaka na filin garinmu, zagaye ɗari biyu da hamsin a kan jar ƙasa, a gaban mutanen da suka san shi tun yana yawo ba takalmi. Sau uku yana zuwa na biyu, kuma duk ukun motar kamfani ce a gabansa.

A bazarar shekarar da ya cika arba'in da shida, matarsa Ozella ta ja shi wurin likitan ido, don ta gaji da ganin yana ture kofi da gwiwar hannu. Likita ya haska, ya auna, ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa, ganin zai yi ta tsukewa daga gefe. Ya ce bana dai zai iya lallaɓawa, baɗi kuwa kada ya sa rai. Arvil ya ji tsoro ƙwarai, don ya san direban da ba ya ganin motar da ke gefensa gawa ne, kuma ba shi kaɗai zai tafi ba. Ya roƙi Ozella da Coy kada maganar ta fita.

Ana nan sai rigima ta ɓarke a sama. Dokar tsere ta ce injin da za a shiga fili da shi sai ya zama irin wanda kowa zai iya shiga shago ya saya. Tolliver ta ƙera wani ƙaton inji da ba a taɓa ganinsa a shago ba, hukumar tsere ta hana shi. Kamfani ya yi fushi, ya buga a jarida cewa duk direbobinsa su ajiye motoci har sai an janye hukuncin. Renwick kuma da ta ga ba abokin karawa, sai ta daina wahalar turo manyan direbobinta ƙananan filaye irin namu.

Coy ne ya shigo gareji da jaridar yana washe baki.

“Yaya, faɗuwa ta zo daidai da zama. Manyan duk sun kau. Wa ya rage? Lonzo Pruett? Mutumin da kake zagaye shi sau biyu kana hamma?”

Arvil ya karɓi jaridar ya kai ta dab da fuska, ya karanta a hankali har ƙarshe. Ya naɗe ta, ya je kusurwa ya jawo tampol.

“Kama min can gefen,” in ji shi.

“In kama me?”

“Kamfani ya ce a ajiye mota.”

Coy ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Da ya ga yayansa ya fara lulluɓe bonet, dariyar ta ɗauke.

“Yaya, direbobinsu suka ce. Kai yaushe ka zama direbansu? Nuna min takardar. Ko albashin da suke aiko maka ne nake barci ban gani ba?”

“Ba sai da takarda ba. Mutumin nan da bakinsa ya ce ni nasu ne.”

“Ya ce kai nasu ne, sannan ya nuna maka juji. Haba Yaya. Son maso wani ƙoshin wahala.”

“Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare,” in ji Arvil. “Yau da aka taka su, in fito da Tolliver fili in taya hukuma cika wuri? Gobe in sun dawo da wane ido zan kalle su?”

“Da wanda ya rage maka,” in ji Coy. Yana faɗa ya yi nadama, amma bai janye ba. Ya yar da sifanar da ke hannunsa ya fita, Arvil ya ƙarasa rufe motar shi kaɗai.

Ku yi min uzuri, ni har yau in na tuna tampol ɗin nan raina ɓaci yake. Amma ba zan ce Arvil wawa ne ba. Rabin garin ma yaba masa suka yi. A shagon aski tsofaffi suna cewa ga ɗan halak, ga wanda ya san gidansu. Ana buga masa kafaɗa, yana jin daɗi, damina tana wucewa.

Ozella ba mai yawan magana ba ce. Sai da saura mako biyu tsere ta ajiye masa wake da wainar masara, ta zauna a gabansa ba ta zuba nata ba.

“Baban Reba, in tambaye ka mana. Tun da ka rufe motar nan, ko kati sun aiko maka?”

“Suna da abin da ya dame su.”

“Kai fa, ba ka da shi? Likita bana ya ce. Bai ce in Detroit ta huce ba.”

“Za su sasanta kafin ranar.”

“In ba su sasanta ba fa?”

Ya ci gaba da cin wakensa. Ta daɗe tana kallonsa cikin tausayi da haushi. Ta tashi ta shiga kicin.

Ba su sasanta ba. Ranar tsere bayan an tashi daga coci, Arvil ya sayi tikiti kamar kowa, karo na farko a rayuwarsa, ya zauna a kan benci cikin 'yan kallo. Motoci ashirin da biyu suka jeru, babu ta kamfani ko ɗaya. Tun daga ƙarar injinansu ya san ba wadda za ta ga ƙurar tasa. Yana zaune ƙafarsa ta dama tana danna katakon benci duk lokacin da suka fito daga kwana. Sai ya juya kai gaba ɗaya yake iya bin mota, don gefen filin ya riga ya fara duhu a idonsa.

Lonzo Pruett ne ya cinye, kuma a cikin wata tsohuwar Tolliver. Lonzo ɗan gidan Renwick ne, amma irin mutanen nan ne da ke sauya mota kamar riga, waɗanda a garinmu ba a ɗaukarsu da daraja. Sau biyu yana juyawa da motar a tsakiyar fili, ya miƙe ya ci gaba, duk da haka ba wanda ya kamo shi. Garin da ya yi wata huɗu yana yabon Arvil shi ne ya ɗaga Lonzo a kafaɗa. Arvil ya sauko a hankali yana lalubar matakala da ƙafa, ba wanda ya kula da shi.

Bayan Kirsimeti, da shigowar sabuwar shekara, hukuma da kamfani suka shirya, kamar ba su taɓa faɗa ba. Arvil ya sa rigarsa ta zuwa coci ya ce zai je Charlotte. Shi kansa bai san abin da zai nema ba. Tseren dai ya wuce, idon kuma ya ƙara tsukewa. So yake kawai wani ya dube shi ya ce an gani. Ozella ta ɗauki jakarta ta shiga a-kori-kurar ba tare da an gayyace ta ba, ta ce za ta jira shi a mota.

Ya yi kusan awa guda a tsaye kafin Lindqvist ya fito, da takardu a hannu, yana sauri.

“Yallaɓai, barka da dawowa,” in ji Arvil, ya cire hula. “Bumgarner ne. Lamba hamsin da takwas.”

Lindqvist ya ɗan tsuke ido. “A'a, to, to. Mai zuwa ɗiban kaya. Kwana biyu. Ai mun zaci ka bar harkar, bara ko sau ɗaya ba mu ji sunanka ba. Hatsari ka yi?”

“A'a, yallaɓai. Ajiyewa na yi.”

“Saboda me?”

“Kun ce a ajiye.”

Lindqvist ya tsaya cak, ya dube shi sosai a karon farko. Ba mugun mutum ba ne, mamaki ne kawai ya kama shi.

“Ai wannan na direbobinmu ne, bawan Allah, su shida. Su ma albashinsu bai tsaya ba, kamun kifi suka tafi. Ku masu zaman kanku ai so muke ku fita. Kana ganin za mu so a yi shekara ba a ga Tolliver a fili ba? Wannan Pruett na garinku, kusan duk mako yana nan, ta ƙofar baya muka riƙa ba shi kaya, har sabon inji. Ya yi mana rana, bana ma mun ɗauke shi.” Ya girgiza kai. “Me ya hana ka zuwa ka tambaya? Da ka zo ai kai zan fara ba, ka fi shi hannu nesa ba kusa ba.”

Arvil ya buɗe baki. Me zai ce? A garinmu ɗa ba ya zuwa ya tambayi gidansu ko da shi ake, in an ce a zauna zama yake yi. Wannan ba magana ce da mutumin Detroit zai gane ba, shi ma Arvil yanzu da ya juya ta a ransa sai ya ji ba ta da nauyin da take da shi jiya.

“To bana fa?” in ji Lindqvist, yana duba agogo. “Akwai kaya a baya, ka zagaya ka duba. Ka ce ni na ce.”

“Na gode, yallaɓai.”

Bai zagaya baya ba. Ya fito harabar, rana tana dukan gilasan sababbin motoci da aka jera, hasken ya cika masa ɗan abin da ya rage na gani. Ya tsaya har ya gano inda a-kori-kurarsa take. Baƙin cikin da ya ji a wurin ya fi na ranar likita, don ciwon ido Allah ne ya ɗora masa, wannan kuwa shi ya jawo tampol da hannunsa.

Ozella ta hango shi yana tahowa. Maimakon ya nufi ƙofar direba, sai ya zagayo ta gefenta ya buɗe.

“Me suka ce?” in ji ta.

“Sun ce sun gode.”

Ta dube shi. Shekara ashirin da huɗu suna tare, ta san yadda muryarsa take in ya yi ƙarya.

“Matsa can,” in ji shi, ya miƙa mata makulli. “Ke za ki kai mu gida.”

Tun da suka yi aure ba ta taɓa tuƙa shi ba. Ta matsa bayan sitiyari, ta jawo kujera gaba, ta tayar da mota. Wajen sa giya ta yi kuskure, motar ta yi ƙara ta zabura ta mutu. Ta jira ya yi mata gyara kamar yadda yake yi wa duk wanda ya taɓa mota a gabansa. Arvil yana zaune da hula a kan cinya, ya zuba wa gilashin gaba ido. Ta sake tayarwa, suka hau titi a hankali.