Wayar Gwangwanin Baba Injiniya

"Me ya ce?" Inna ta ɗaga murya daga bakin madafi.

Na leƙo ta ƙofa, na ɗan sauke takunkumin da ke hancina. "Ya ce ya ƙoshi."

"Duk wannan motsin bakin da na hango, ya ƙoshi kawai ya ce? Kai yaron nan, rabin magana kake cinyewa a hanya."

Gaskiyarta. Abin da Baba Injiniya ya raɗa mini shi ne in gaya mata shayin nan ko akuya aka bai wa sai ta kai ƙara. Ni kuwa bakina ba zai iya faɗa wa tsohuwa haka ba.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu. Baba maƙerin gwangwani ne, yana yin mazurari da fitila, yana toshe bokiti mai yoyo. Bai taɓa zama injiniya ba. Matarsa Inna ce ta laƙaba masa sunan don tsiya, unguwa ta ɗauka. Shi kuma Rediyo yake ce mata, wai tun da ya kunna ta ranar aurensu ya rasa inda ake kashewa. Da faɗansu muke tashi kowace safiya. Ranar da ba mu ji su ba, Mama takan ce in leƙa ko lafiya.

Sai tarin fuka ya kama shi. Ya ci ƙirji, ya hau maƙogwaro, ya tafi da murya. Aka sallamo shi daga asibiti da magunguna cike da leda, likita ya ce kada Inna ta kusanci ɗakin, don tana da asma, idan ta ɗauka ba za ta kai labari ba. Baba ya riƙe maganar nan gam. Da ta doso ƙofa sai ya yi ta buga kofi a ƙarfen gado har sai ta koma. Ga shi kunnenta ya yi nauyi. Ɗansu da ke aiki a nesa ya aiko da waya, aka gwada. Raɗar Baba ta shiga ciki ta fito kamar iskar taya.

Ni na gama sakandare, sakamako bai fito ba, ba ni da wurin zuwa. Mama ta ce in riƙa shiga ina juya shi, ina ba shi magani. Haka na zama ɗan saƙo tsakanin mutum biyu da ba su taɓa buƙatar ɗan saƙo ba. Kuma ban iya ba.

Da yamma na tarar da Inna zaune a kan turmi, ta juya wa ɗakin baya.

"Ka san abin da ke cina?" ta ce, ba ta dube ni ba. "Mutumin nan zai tafi ban ƙara jin ya tsokane ni ba."

Amma kunnen Baba lafiyarsa ƙalau. Da na shiga ya yafito ni, na sunkuya.

"Gwangwanin madara biyu," ya raɗa. "Ƙusa. Kyandir. Ashana. Zaren ɗinkin takalmi yana cikin akwatina."

Akwatin ƙarfen yana ƙarƙashin gado. Na ɗaga murfin, warin tsatsa da man inji ya bugo ni, sai ga yarintata a kwance. Motar waya mai dogon sitiyari. Tayoyin da aka yanko daga tsohon silifa. Marfin kwalba da aka daddale aka huda biyu, wanda in ka ja zarensa yake kuka kamar sauro. Jirgin ruwa na gwangwanin kifi. Da muna yara bakin rumfarsa muke yini. Ba ya ƙera wa kowa komai. Sai dai ya miƙo maka waya da filaya ya ce, "Lanƙwasa." In ka kawo mota taya ɗaya ba ta taɓa ƙasa, ya ce fasinjojinka sun mutu tun a tasha, koma. Mukan koma muna ƙunƙuni. Amma ranar da ya gara motarka da hannunsa ya ce, "To, wannan mota ce," ko abinci ba ka nema.

Yanzu ma bai canza ba. Na kafa ƙusa a gindin gwangwani, ya girgiza kai. Ta ciki ake hudawa, a tsakiya daidai. Na zura zare na ƙulla, ya sake girgiza kai. A ɗaure shi a tsinken ashana. Na goga kyandir sau ɗaya, ya yi mini kallon da ya sa na goga har zaren ya yi santsi yana ƙyalli. Hannunsa ba ya iya riƙe cokali sosai, amma idonsa bai rasa komai ba.

Na kai wa Inna nata.

"Da furfurata zai sa ni wasan yara?" ta ce. Amma ta goge hannu a zani ta karɓa.

Ta kara a kunne. Shiru. "Ba na ji! Injiniyan bola kawai."

Baba ya nuna labule, ashe yana taɓa zaren. Na naɗe labulen na rataye a kan ƙofa. Har yanzu shiru. Inna ta fara matsowa, wai ko nisa ne ya yi yawa. Kofi ya hau kuka a ƙarfen gado.

"Ya ce ki ja baya, Inna. Sai zaren ya miƙe."

"Ka ji mutum. Ina neman kusa, yana korata."

Ta ja baya tana mita. Ta wuce igiyar shanya, ta wuce durom ɗin ruwa, har bayanta ya taɓa katangarmu. Zaren ya tashi daga ƙasa, ya miƙe sak daga gadon zuwa kunnenta. Na ga Baba ya tura baki cikin gwangwani. Ban ji komai ba.

Inna ta tsaya cak. Sai ta cire gwangwanin daga kunne ta kai baki, ta kurma ihun da ba ya buƙatar zare.

"Kai ne akuyar! Shekara nawa kana shan shayin nan?"

Gadon ya hau girgiza. Na ɗauka tari ne. Dariya ce.

Daga ranar aka sallame ni daga aikin saƙo. Inna ta kai kujerarta gindin katanga, nan take tsintar shinkafa, nan take gyangyaɗi. Duk mai shigowa gidan sai ya sunkuya ya bi ta ƙarƙashin zaren, in ya kuskura ya taɓa ya sha faɗa. Yaran layinmu, waɗanda ba sa ɗaga kai daga wayar iyayensu, suka cika ƙofar gida suna leƙe. Kafin mako ya zagayo babu gwangwanin madara ko ɗaya a bolar unguwa.

Babana ya shigo dubiya. Direban babbar mota ne, ba mai yawan magana ba, a wurinsa na gado. Ya tsaya nesa da ƙofa ya gaishe shi, sai idonsa ya faɗa kan motar wayar da na ajiye a waje. Ya ɗauka, ya murza sitiyarin, tayoyin gaba suka juya.

"Tun ina da gajeren wando," ya ce. "Sau nawa ka mayar da ni a kan irin wannan, Baba? Har kuka na yi."

Baba ya yi magana a gwangwani. Inna ta saurara, ta kwashe da dariya. "Wai har yau ba ka iya kwana ba, shi ya sa ka goge mana katanga bara."

Babana ya yi dariya, ya juya yana goge ido da hula.

Jikin ya ci gaba da zubewa. Riƙe gwangwanin ma ya zama aiki, don sai ya ja da ƙarfi zaren yake miƙewa. Na ce bari in ɗaure masa a ƙarfen gado.

"Ƙarfe zai shanye maganar," ya raɗa. "Hannu ake sawa."

Wata safiya na ba shi magani ya kau da kai. Na gyara masa matashi. Ya nemi gwangwaninsa, na sa masa a hannu, na naɗe yatsunsa a kai. Ya dube ni.

"Fita. Ba da kai nake ba."

Na fita na zauna a kan durom. Rana ta fara shigowa tsakar gida. Ɓangaren Inna kaɗai nake ji.

"Na ji."

Ta saurara.

"A'a, ba ni na ɓatar da almakashin ba. Har yau kana kan wannan?"

Ta mayar kunne. Ta daɗe. Ta yi murmushi irin wanda ban taɓa gani a fuskarta ba.

"Ƙarya kake yi. Kai ka fara kallona."

Ta sake saurarawa. Wannan karon kai kawai take gyaɗawa a hankali, kamar yana ganinta. Wataƙila yana gani.

"Faɗi mana, Injiniya," ta ce can. "Ina ji."

Zaren ya saki. Ya sauko sannu a hankali har ya kwanta a kan siminti.

Na miƙe.

"Zauna," in ji Inna.

Ta tashi. Ta fara naɗe zaren a jikin gwangwaninta, tana naɗewa tana tafiya. Ta wuce durom, ta wuce igiyar shanya. Leɓenta yana motsi da salati. A bakin ƙofa ta ɗan tsaya, kamar mai jiran ƙarar kofi a ƙarfen gado. Sannan ta shiga.

Daga inda nake na hango ta. Ta naɗe ragowar zaren har ya kai ta ga hannunsa. Ta zare gwangwanin daga yatsunsa, ta haɗa shi da nata baki da baki, ta ajiye a gefen matashi. Ta zauna a bakin gadon, ta ja masa mayafi har fuska.