Karatun Inna Hajjo

"Sake faɗi, ban gane ba," in ji Inna Hajjo, tana kwance ta jingina da filo biyu. "Mi ne ne kason jiha?"

Na shigo da kunun tsamiya na tarar da jikarta Muzdalifa a bakin gado, ido ya yi jawur. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu a Damba, kuma ni ba a yi ni da kawar da kunne ba, sai na nemi wuri na zauna.

Inna Hajjo ba ta taɓa shiga aji ba. Amma tun da ta baro 'Yankuzo ta kafa doka a gidanta: duk yaron da ya dawo makaranta sai ya koya mata abin da aka koya masa, har ta gane, kafin ya taɓa tuwo. In ba ta gane ba, to kai ne ba ka gane ba. Ɗanta Mannir, da ke koyarwa a Bungudu, ya ce ya sha cin tuwo da sanyi saboda lissafi.

Yanzu ga Muzdalifa ta samu gurbin karatun likita, rajista na gab da rufewa, ita kuwa ta ce ba inda za ta.

"Inna, ana ware wa jihohin da aka bari baya a boko nasu guraben. Ƙawata Asiya ta fi ni maki, amma ba ta samu ba. An ce iyayenta 'yan Ilori ne."

"Asiyar da anka haifa nan Sabon Gari? Kira min ita."

Da la'asar Asiya ta zo, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Ɗiyata, in wagga ta ƙi tahiya, ke za a ba?"

Asiya ta yi dariya. "A'a, Inna. Wani ɗan Zamfara za a ba."

"Kin ji ko? Ki zauna gida, ke babu, ita babu." Ta ja numfashi, ta dubi jikarta. "Ta fi ki, wannan gaskiya ne, kuma ba a kyauta mata ba. Amma wanda ya ba ki kujera ba shi zai duba maki marar lafiya ba. Ni na san kanki, tun kina 'yar mitsitsiya kike wahala da tsohuwar ƙwaƙwalwata."

Sai ta juya ga Asiya. "Ke da kin ka fi maki, zo ki koya min yadda zuciya ke aiki. Tawa na neman yin yaji, in san dalili."

Muka kwashe da dariya, har Muzdalifa. Asiya ta dunƙule hannu ta ce ɗakuna huɗu ne a ciki. Inna ta ce ashe zuciyarta ta fi gidan Mannir ɗakuna. Inda Asiya ta kakare Muzdalifa ta kama mata, suka yi ta musu a kanta kamar masu rabon goro. Daga ƙarshe Inna ta ce ta gane, a ba su tuwo, kuma baɗi Asiya ta sake rubuta jarrabawar, a tabarmar gidan nan za ta yi shiri.

Washegari da hantsi Inna ta cika, Allah ya jiƙanta. Na yi kuka ƙwarai, don ban da abokiyar tsokana irinta a duk layin.

Ranar addu'ar uku babu wanda ya tada zancen makaranta, ni ma na daure na kama bakina. Da aka watse na leƙa ta katanga in karɓi tukunyata. Sai na hango Asiya tana zuba ruwa, Muzdalifa na goge wata babbar jakar tafiya. Suka kife ta a kan turmi, baki buɗe, tana ɗiga a rana.