Ranar da Baba Uzairu Ya Fita Daga Makka

A hawa na biyu Mukhtaru ya tsaya ya gyara goyonsa. Tsohon ba shi da wani nauyi, ciwon hanta ya riga ya cinye shi, amma bene hawa huɗu ne babu lif, ga zafin unguwar Rusaifa ta Makka, ga wanda aka goya yana ta ba da umarni.

"Juya hagu. A hankali mana. Kana sauri kamar ka sato ni."

"Ya ammi, don Allah ka yi shiru mu sauka," in ji Mukhtaru, wanda ya saba kiransa baffa da Larabci.

Shekara goma sha ɗaya ƙofofinsu na kallon juna. Baba Uzairu Bature ne ɗan Ingila. A ƙuruciyarsa, in ji shi, babu yaron ƙasarsu da bai san fuskarsa a talabijin ba: ya shafa fenti, ya jefa faranti sama ya cafe, ya faɗo daga kujera a yi ta dariya. Da gwiwoyi suka gaji da faɗuwa sai ya koma bayan kyamara, ya shekara ashirin yana shirya shirye-shirye, yana gaya wa mutane inda za su tsaya da lokacin da za su yi murmushi. Bayan ya musulunta wani kamfani ya kawo shi ɗaukar hotunan aikin Hajji, shi ke nan bai koma ba. Halin ne dai bai bari ba. Ko shayi Asiya matar Mukhtaru ta aika masa, sai ya gyara wa kofin zama a kan tire.

Addu'arsa ɗaya ce kullum, Allah ya ɗauki ransa a cikin Harami. To ga shi likita ya ce saura kwana biyu ko uku, kada a motsa shi, sai ga 'yarsa Helen ta sauka a Jidda. Tana da shekara tara aiki ya raba shi da gida. Ita ba Musulma ba ce, babu halin ta shigo Makka. Sai tsohon ya ce a kai shi wurinta.

Mukhtaru ya gaji. Mako uku yana raba kansa tsakanin tuƙin tasi da jinya. Ya ce su gaisa ta waya mana, ai ana ganin fuska.

"Duk rayuwarta ta cikin gilashi take ganina," in ji tsohon. Mukhtaru ya durƙusa ya goya shi.

A mota Baba Uzairu ya zaro hodar da ya ara wurin Asiya, ya shiga rufe rawayar fuskarsa. Ya san aikinsa.

"Idan ka ga na fara tafiya, ka mayar da ni cikin Harami. Yi mini alkawari."

"Tayyib. Na yi."

A wani gidan mai na hanyar Jidda, can gaba da iyakar Harami, suka tarar da ita. Mace ce mai kusan shekara hamsin, cikin abaya da ta yi mata tsawo. Mukhtaru ya juya motar ta fuskanci Makka, ya bar ta a kunne. Helen ta shiga baya ta zauna kusa da ubanta.

Turancin Mukhtaru na fasinja ne, bai wuce ina za ka ba. Ta madubi ya ga tsohon ya kai hannu bayan kunnenta zai fito da dabino, irin dabararsa ta da. Dabinon ya suɓuce ya faɗi. Ba ta yi dariya ba. Ta ciro hankici ta goge masa hodar a hankali har fuskarsa ta gaskiya ta fito, sannan ta kwantar da kansa a kafaɗarta. Sun daɗe suna magana ƙasa-ƙasa.

Sai numfashin ya sauya. Mukhtaru ya san irinsa, ya ji shi a ƙirjin mahaifinsa. Minti bakwai ne zuwa iyaka idan ya taka mota.

"Ya ammi, lokaci ya yi. Gaya mata ta sauka."

Tsohon ya buɗe ido da ƙyar. "Kashe motar."

"Alkawarin fa? Shekara nawa kana roƙon wannan?"

"Ni na ɗora maka. Na sauke. Khalas."

Haushi ya kama Mukhtaru, ga tausayi, ya rasa wanda zai bi. Hannunsa na kan giya. Da ya ja motar da sai matar ta sauka, ya kuwa ga yadda tsohon ya riƙe yatsunta. Ya murza makulli, motar ta yi shiru. Ya zagaya ya durƙusa a bakin ƙofa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Baba Uzairu ya maimaita sau ɗaya, kafin la'asar ya cika.

'Yan sanda da takardu suka ci sauran yinin. Dab da magariba motar asibiti ta kama hanyar Makka da gawar, Mukhtaru na biye, motar hayar Helen na bayansa. Da suka kusa inda hanya ta rabu, ta waɗanda ba Musulmi ba ta kauce wa Makka, ya rage gudu yana duba madubi. Siginar motarta ta daɗe tana ƙyaftawa kafin ta karya kwana.