Silifas Ɗin Marigayiya

Yana da shekara arba'in da bakwai ya shiga jami'a koyon rubutun ƙagaggun labarai, bayan ya shekara ashirin yana buga hatimi a ofishin ruwa. Yaran ajin ba su ɓata lokaci ba suka raɗa masa Baban Aji. Ya karɓi sunan hannu bibbiyu, tunda ga furfura nan tana ba da shaida.

Malamarsu tana da ƙa'ida. Kowa ya kawo labarinsa ba suna a kai, a cakuɗa takardun, wani ya karanta da ƙarfi, aji ya feɗe shi, mai labarin kuwa ya yi gum ko da kakansa aka zaga. Ta kuma ce ta gaji da attajirai da jiragen sama. "Ku rubuta abin da kuka sani."

Baban Aji ya duba abin da ya sani, ya ga daga hatimi sai yayansa. Hatimi kuwa ba ya labari. Yayan nasa mai gyaran agogo ne, matarsa ta rasu bara. Wata rana a bayan shago ya gaya masa abin da bai gaya wa kowa ba: in gida ya watse, yakan zura silifas ɗin marigayiyar ya zaga ɗakuna, don kawai ya ji ƙarar takunta. Silifas ɗin ja ne mai fure, in ya saka rabin diddigensa a waje. A ranar Baban Aji har ƙwalla ya yi. Bayan wata shida ya juye zancen a shafi huɗu, ya ƙara gishiri, ya sa tsohon yana rangwaɗa. Ko sana'ar bai sauya ba, saboda wata jimla da ya yi a kan agogo ta shiga ransa.

'Yar yayan nasa ma a sashen take karatu, amma a ɗaya rukunin, shi ya sa hankalinsa yake kwance. Ranar karatu malamin wancan rukunin bai zo ba, aka haɗe su ɗaki guda. Malama ta zaro takarda daga tsakiya ta miƙa wa wadda ke bakin taga. Yarinyar ce a bakin taga.

Ta fara da murya tar. Da ta wuce ƙofa mai shuɗin fenti da rediyon da aka yi wa eriya da cokali, sai muryar ta ɗan sauka. Tana isa kan silifas aji ya kwashe da dariya, wani har da dukan tebur. Ba ta tsaya ba. Ta kai har ɗigon ƙarshe, ta kife takardar. Baban Aji ya ƙura wa fanka ido kamar shi aka ba aikin gyaranta.

"Malama, ni ban yarda ba," in ji wani mai tabarau. "Wane namiji ne zai yi haka? Sai dai in kansa ya kwance."

Wata ta ce ita wajen rangwaɗar ne ya kashe ta. Malama ta ce a duk zangon nan ba ta ga labari mai rai kamarsa ba. Shekara biyu Baban Aji yana jiran wannan yabo, ga shi ya zo ya tarar da shi yana roƙon ƙasa ta tsage.

"Ke da kika karanta fa?"

"Rubutun ya yi kyau, Malama." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Da aka tashi, a kan matakala ta tare shi.

"Baffa."

"Na'am, 'yata. Kin ga, shi wannan fanni namu..."

"Na yi ta neman silifas ɗin nan zan bayar, Baba ya ce bai gani ba. Da gaske ne?"

Amsa tana nan a shirye, tun zangon farko aka koya musu ita: ai duk ƙage ne. Ya buɗe baki, ta ƙi fitowa.

"Rangwaɗar ce kaɗai tawa."

"Wa ya gaya wa bayan kai?"

"Babu."

"To yanzu mu arba'in ne." Ta gyara jakarta. "Ni ba zan iya kallonsa yau in yi kamar ban sani ba. Gara ka riga ni zuwa."

Ya tarar da yayan nasa sunkuye a kan tebur, gilashin aiki maƙale a ido ɗaya. Ya gaishe shi, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, ya sake tambayar aiki. Da gaisuwa ta ƙare masa, ya faɗa. Tsohon bai ɗago ba, yana ta juya wani ɗan mitsitsin ƙarfe da hantsaki.

"Sun yi dariya?"

"Sun yi, Yaya."

"Ita fa?"

"Ba ta yi ba."

Tsohon ya cire gilashin, ya goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa, sannan ya mayar.

"Matsa, malam marubuci, ka tare min haske."

Baban Aji ya matsa. Ba a ce ya zauna ba, ba a ce ya tafi ba, sai ya tsaya a gefen ƙofa rungume da jakar makaranta.