Wutsiyar da Ta Zaga Duniya

Dokar hoton ƙafa Jagora ne ya kafa ta da bakinsa, don haka duk abin da ya same shi daga baya, ba mai cewa an zalunce shi.

'Yan guruf ɗin Ƙafar Yawo ba wasu manyan mutane ba ne. Tsofaffin ma'aikata ne da 'yan kasuwa da cuta guda ta haɗa, wato ba sa iya zaman gida. Duk wanda ya yi tafiya sai ya turo labari a waya: abin da ya ci, wanda ya yi masa rashin mutunci a tasha, yadda gwiwarsa ta kwana. Amma Jagora ya ce labari ba hujja ba ne, fuska kuma yanzu kowa yana iya manna ta a gaban duk ginin da ya ga dama. Hujja ɗaya ce: mutum ya sunkuya ya ɗauki hoton ƙafafunsa a kan ƙasar garin da ya je. Wanda ya daɗe bai turo ƙafa ba har babbar tafiyar shekara ta zo, to ranar tafiyar wurin zamansa yana can bayan mota, a kan taya, inda kowane rami sai ya gaisa da ƙugun mutum. Kujerar gaba kuwa, ta kusa da direba, ta wanda ya fi kowa yawo ce. Tun da aka kafa guruf ɗin Jagora ne a kanta, har soson kujerar ya lotsa daidai da shi.

Bara dokar ta ci Tela. Tantabarunsa ne suka kamu da ciwo, ya zauna gida yana ɗura musu magani. Jagora ya turo saƙon murya, kowa ya ji: "Mutum da gemunsa ya ajiye jaka saboda tsuntsu? A kai shi kan taya." Tela ya je a kan taya ya dawo a kan taya, ya sauko yana tafiya a karkace. Sai dai Tela yana ajiye magana yadda yake ajiye guntun yadi, ba ya yarwa.

To, bana sai ga shi Fasinja ta kwanta.

Fasinja kyanwar Jagora ce. Shekaru da yawa da suka wuce, a wata tafiya, ya buɗe jakarsa a masauki ya tarar da ita a ciki, 'yar mitsitsiya, ta cinye rabin burodinsa tana hararar sa. Daga nan ta samu suna, ta kuma samu gida. Ta yi yawo da su a cikin kwando har ƙarfinta ya ƙare. Yanzu haƙoran sun zube, ido ɗaya ya yi fari, likitan dabbobi kuma ya ce ƙodarta ta gaji. Sai an ba ta ruwa da sirinji kaɗan-kaɗan, magani safe da yamma, abinci mai laushi, kuma kada a bari sanyi ya kama ta. Matar Jagora ta gwada ba ta maganin sau ɗaya, ta fito da zanen farce uku a bayan hannu. Daga hannunsa kaɗai tsohuwar kyanwar take karɓa, kuma ba ta da wurin kwanciya sai kan ƙafafunsa ko kan cinyarsa.

Gaskiyar magana, Jagora yana son kyanwar nan so mai ban kunya. In ta ƙi cin abinci, shi ma shayinsa sai ya huce a kofi.

"Ka gaya musu mana, Malam," in ji matarsa. "Kyanwa ce ba ta da lafiya, ba sata ka yi ba."

"Ke ba ki san Tela ba."

"Na san shi. Na kuma san wanda ya tsokane shi."

Ya yi kamar bai ji ba. Guruf kuwa bai tsaya jiransa ba. Anti Nas, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta turo ƙafafunta a kan wata gada, da labarin jikanta da ya fara haƙori yana cizon kowa. Mai Kanti ya turo nasa a bakin titin jirgin ƙasa, jirgin ya tafi ya bar shi yana cinikin lemo. Tela ya turo nasa har sau biyu, cikin sababbin takalma, sannan ya ƙara da tambaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, mun kwana biyu ba mu ga ƙafa mai albarka ba. Lafiya dai?"

Wannan ladabin ne ya hana Jagora sukuni. Da yamma ya leƙa ta katanga, ya hango tulin yashin da maƙwabcinsa ya sauke zai yi gini. Ya tsaya yana kallon yashin nan kamar bai taɓa ganin yashi ba.

Washegari da hantsi ya baza bokiti biyu na yashi a tsakar gida, ya naɗe ƙafar wando, ya tsaya a kai. Ya sa matarsa ta kwaro ruwa daga gefe, a hankali, don ya yi kama da igiyar teku.

"Wallahi tsufa bai yi maka amfani ba," in ji ta, amma ta zuba.

Ya duba hoton da kyau. Ya duba ko simintin gidan ya fito, ya duba ko inuwar igiyar shanya ta shiga. Babu. Ya tura, ya rubuta a ƙasa: "Bakin teku. Iska sai wanda ya zo."

Nan take yabo ya fara sauka. Mai Kanti ya ce wannan yashi da gani na ƙasar waje ne. Anti Nas ta ce a dai riƙa shan ruwa sosai, kuma a guji sanyi. Tela ya ce, "Ranka ya daɗe, wane jirgi ka hau?" Jagora ya ƙirƙiro jirgi. Tela ya tambayi abin da aka ba su suka ci a ciki, Jagora ya ƙirƙiro abinci. Ya kwanta ranar yana jin kansa gwani.

Ƙarya kuwa in ta samu shiga, ba ta zama ita kaɗai. Bayan teku sai ya hau dutse: tsakuwar bayan gida da wani ƙaton dutse da ake danne murfin tanki da shi. Bayan dutse ya sauka a babban otal: guntun kafet da ya roƙo wurin mai sayar da kafet, da farin silifa. Kowane hoto, Tela sai ya yi tambayoyi kamar mai shirin binsa, Jagora kuma ya yi ta zuba. Tsakanin wannan ƙasa da waccan yana durƙushe a kicin yana murƙushe kifi da cokali, yana lallashi: "Haba Hajiyata, loma ɗaya. Don Allah loma ɗaya."

Abin ya kai maƙura ranar da ya ce zai je ƙasar ƙanƙara. Ya kashe firizar matarsa, ya kankaro ƙanƙarar da ta daskare a jikin bango, ya tara a faranti, ya sa safar ulu da takalmin ruwa. Fasinja ta ƙi yarda a ajiye ta, dole ya zauna a kujera da ita a cinya, ya miƙa hannu ya ɗauka.

"In namana ya lalace, a ƙasar ƙanƙarar za ka kwana," in ji matarsa.

Anti Nas ta amsa da cewa irin wannan wuri sai da bargo biyu, kuma abinci a ɗan ɗumama shi kafin a bayar. Jagora ya ce a ransa, matar nan jinya ta shiga jininta, ko mutum yana yawon shaƙatawa sai ta rubuta masa magani.

Lissafinsa shi ne kafin babbar tafiya Fasinja za ta warware, ya bar ta kwana biyu, ya hau kujerarsa. Fasinja ba ta san da wannan lissafi ba. Kullum ƙara ramewa take yi, har in ya ɗauke ta sai ya ji kamar tsumma ya ɗauka. Safiyar tafiya ta ƙi kifin, ta ƙi ruwan. Duk da haka ya sauko da jakarsa, ya buɗe a tsakar ɗaki, ya fara jera kaya yana kauce wa kallonta. Da ya juya ɗauko buroshi ya dawo, sai ya tarar ta ja jiki ta shiga jakar, ta kwanta a kan rigunansa, tana kallonsa da idon nan guda.

Jagora ya zauna a bakin gado. Zuciyarsa ta karye, ya san ba inda za shi. Ya ɗauki waya zai rubuta uzuri, ya nemi ƙarya ko ɗaya ya rasa, duk ya ƙarar da su a teku da dutse. Yana nan riƙe da wayar sai ya ji hon a ƙofar gida.

Motar tafiyar ce, cike da mutanensa. Jagora ya fito falo da sauri. Tela ne ya fara yin sallama ya shigo falo, Anti Nas a bayansa, sauran suka cika ƙofa suna danne dariya.

"Ranka ya daɗe, barka da dawowa daga ƙasar ƙanƙara," in ji Tela. "Kwamiti ya zauna a kan hotunanka. Mun zo da sakamako."

Tela ya zauna kusa da Jagora, ya buɗe hoton farko, ya ja shi da yatsu biyu har ya girma. "Wannan bakin teku ne. Duba nan ƙasa, ta hagu."

Wutsiya ce. Baƙa, mai fari a ƙarshe, ta ɗan lanƙwashe.

"Wannan kan dutse. Ga ta nan bayan dunduniya. Wannan otal, a nan ma har da ƙafar baya. Wannan kuma ƙanƙara, daga sama ta sauko, kamar igiyar fanka."

Jagora ya yi tsuru-tsuru. Shi duk hankalinsa yana kan siminti da igiyar shanya. Kyanwar kuwa ta daɗe a jikin ƙafarsa har ya daina ganinta, kamar yadda mutum ba ya ganin hancinsa. Ya juya ya kalli matarsa, wadda ta jingina da ƙofar kicin ta toshe baki da gefen mayafi.

"Ke ma kin gani?"

"Tun na farko. Ruwa ka ce in zuba, ba ka ce in duba ba."

"Wa kake tsammani nake cewa a ɗumama wa abinci?" in ji Anti Nas. "Kai? Kai ko dutse aka ba ka ai ci za ka yi."

Jagora ya share zufa. "To, na ji. A kai ni kan taya."

"Ba mu zo nan ba tukuna," in ji Tela. "Doka ta ce kujerar gaba ta wanda ya fi kowa yawo ce. Bana ba wanda ya je teku da dutse da ƙanƙara sai mutum ɗaya, kuma muna da hujja. Kujera ta Fasinja ce." Ya zaro wani ɗan matashi mai laushi daga leda, wanda ya haɗa da guntayen yadi kala-kala, ɗinkin ya yi kyau ƙwarai.

Jagora ya ce ai ba za ta iya doguwar tafiya ba. Anti Nas ta ce sun sani, ta riga ta yi magana da likitan dabbobin. An ɗage babbar tafiya. Yau bakin kogin nan na bayan gari kawai za su, su sha iska, su dawo kafin lokacin maganin yamma.

Aka shimfiɗa matashin a kwandonta na da, aka ɗora a kujerar gaba. Jagora ya wuce baya ya zauna a kan taya, kansa a ƙasa. Direba bai ko tayar da mota ba Fasinja ta fara kuka, wani siririn kuka mai tsinka zuciya, tana ƙoƙarin fitowa daga kwandon. Tela ya ci magani, ya kalli tagar mota, ya kalli rufi. Can ya nisa.

"A kawo mata shimfiɗarta," ya ce. "Amma kowa ya shaida, ba a matsayin Jagora zai zauna ba. Katifa ce."

Haka ya koma gaba, tsohuwar a cinyarsa. Aka sauke gilashi kaɗan, iska ta taɓa gashin bakinta, ta ɗaga kai tana shinshina hanya yadda ta saba yi a da. A bakin kogin ta sha ruwa da kanta, ba sirinji, har ta lashi kifi. Suka tsaya a zagaye suka haɗa ƙafafu, takalma da silifa da sababbin takalman Tela, aka ɗauki hoto da wutsiya a tsakiya.

Ba ta kai ƙarshen watan ba. Jagora ya binne ta a bayan gida, kusa da dutsen tankin, a naɗe cikin ƙyallen matashin nan. Ya daɗe bai ce komai a guruf ba, ba kuma wanda ya tambaye shi ƙafa.

Sai da matarsa ta gaji da ganinsa yana zagaye gida, ta haɗa masa jaka da kanta ta tura shi. Ya hau mota, ya hau wata, har ya isa teku na gaske. Ya naɗe ƙafar wando, ya shiga ruwan zuwa idon sawu, ya ɗauki hoto ya tura. Wannan karon bai rubuta komai a ƙasa ba.

Ba a jima ba wayar ta yi ƙara. Tela ne.

"Ranka ya daɗe, wannan ban yarda da shi ba. Ina wutsiyar?"

Jagora ya fashe da dariya shi kaɗai a bakin ruwa, har wasu masu wucewa suka juyo. Ya yi ta dariya, sannan ya sunkuya ya kalli ƙafafunsa. Ruwan yana da sanyi, kuma ba abin da ya kwanta a kansu. Ya tsaya a wurin yana share ido da hannun riga, bai fito ba sai da igiyar ruwa ta jiƙa masa wando har gwiwa.