Ƙaramin Ƙarfe

A maɗaba'armu ta Vienna ana cewa Dakta Walburga Reitinger ba ta taɓa ɗaga murya ba, amma maza uku sun rasa aikinsu ta dalilinta. Wai shekara tara ta yi tana bin rubutun hannun wani mai tsara kiɗa da ya daɗe da rasuwa, don ta fitar da sonatarsa, wani dogon kiɗan piyano, yadda ya bar ta.

Ni aka ba aikin. Da ƙarfe da guduma nake buga alamomin kiɗa a kan farantin dalma, a juye. Sai da na haura arba'in na koyi karanta abin da hannuna ke bugawa, kuma ba wata maɗaba'a da za ta ɗauki mai shekaruna.

Ƙa'idarta ɗaya ce. Abin da marigayin ya rubuta, da babban ƙarfe ake buga shi. Inda takardar ta cinye Dakta ta cike da hasashenta, da ƙarami ake bugawa, don mai kaɗawa ya san ba na mai shi ba ne.

Ranar Laraba, farantan suna gindin inji, na buɗe akwatina na tarar da ƙaramin ƙarfen naɗe a tsummansa. Ban taɓa shi ba. Ashe alamomi uku na hasashenta a shafi na sha ɗaya da babba na buga su.

Na gaya wa Ferdl, abokin teburina. Ya ci gaba da tauna burodinsa.

"Tsoho, haɗiye abinka. Wa zai tsaya auna ɗigo uku? Ko marigayin ne zai taso ya kai ƙara?"

Na san akwai masanan da ba su da aiki sai aunawar, kuma ita Dakta za su ce ta yi wa mamaci ƙarya.

Da ƙarfe biyu na rana Dakta ta zo sa hannu. Ta kara takardun gwaji dab da tabaraunta, tana buɗawa a hankali. Shafi na tara. Na goma. Ta duba na sha ɗaya, ta wuce. Ferdl ya taka mini ƙafa.

Ta cire murfin alƙalami. Na miƙe.

"Dakta, koma shafi na sha ɗaya. Laifina ne. Ki yi haƙuri."